Yawon unguwar marubuta a Madrid: kuɗin bai tafi a banza ba, amma rabin labari ake ba mutum

Duk wanda hanya ta biyo da shi Madrid kuma yana da sha'awar littattafai, akwai wani yawon ƙafa da ake yi da ɗan jagora a unguwar da suke ce wa Barrio de las Letras, wato unguwar marubuta, tana nan tsakanin dandalin Santa Ana da babban titin Prado inda gidajen tarihi suke. Kamfanoni da yawa ne ke wannan harka, wasu ka biya tun ta intanet, wasu kuma su ce kyauta ne amma in an gama sai ka ga an tsaya ana jiran abin da za ka miƙa. Ni wanda na bi na biya ne, wajen Yuro 20, da Turanci ake bayanin, kuma ya ɗauke mu sama da awa biyu. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma gaskiya kusan hanya ɗaya duk suke bi. A taƙaice dai na ji daɗi, zan iya cewa ɗan'uwa ya je, amma akwai wani abu da ya tsaya min a rai game da yadda suke ba da labarin adabin Sifaniya da Turai, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

A dandalin Santa Ana ake haɗuwa, in ka sauka a tashar metiro ta Sol ko Antón Martín 'yar tafiya ce. Jagorar tamu wata baiwar Allah ce da ta yi karatun adabi, kuma wallahi ta san aikinta, ba irin masu haddace takarda su zo su karanto maka ba ce. Ta tsayar da mu tsakanin mutum-mutumi biyu, na marubucin wasan kwaikwayo Calderón de la Barca a can gefe, da na marubucin waƙoƙi Federico García Lorca yana tsaye riƙe da ɗan tsuntsu a tafin hannuwansa yana kallon gidan wasan Teatro Español. Ta ce a daidai inda gidan wasan yake ake wasan kwaikwayo tun 1583, lokacin tsakar gida ce kawai babu rufi, maza talakawa a tsaye a ƙasa, mata a wani ɓangare nasu daban, masu hali a tagogi. Daga nan ta fara saƙa zaren da ta riƙe har ƙarshen yawon, wato Sifaniya ta ba Turai, Turai ta ba Sifaniya. Calderón da ya mutu a 1681 sai ga Jamusawa sun zo sun ɗauke shi bayan fiye da shekara ɗari, har Goethe ya sa aka yi wani wasansa a Weimar a 1811. Labarin Don Juan, mayaudarin matan nan, a Sifaniya aka fara sa shi a dandali, wasan da ake jingina wa Tirso de Molina, Molière ya ɗauka a Faransa a 1665, Mozart ya mai da shi waƙa a Prague a 1787, daga baya Byron ya yi nasa da Turanci. Haka ma Le Cid na Corneille da Faransawa ke ji da shi, daga wasan wani ɗan Balansiya ne, Guillén de Castro, aka ciro shi. Tana faɗa tana nuna wa kowa nasa, tunda a cikinmu akwai Bajamushe da matarsa, akwai 'yan Ingila, akwai wata 'yar Italiya, kowa in an zo kan ƙasarsa sai ka ga ya gyaɗa kai yana murmushi.

Daga nan muka gangara titin Huertas. Wannan titin ya burge ni sosai, a ƙasa cikin daɓen titin aka kafa rubutu da haruffa masu ruwan zinare, layuka daga littattafan manyan marubutansu, kana tafiya kana takawa, ga masu shan gahawa a gefe ga masu kai saƙo a keke suna bi ta kai ko a jikinsu. Jimlar farko ta Don Kihote, shahararren littafin Cervantes, tana nan, jagorar ta sa wani yaro ɗan makaranta da ke wucewa da mamansa ya ƙarasa ta da ka ba tare da ya duba ƙasa ba, ya ko ƙarasa tsaf ya wuce abinsa. Sai ta ciro tsabar kuɗi daga aljihu, 'yar senti 50, ta zagaya da ita hannu hannu, hoton Cervantes ne a baya. Duk senti 10 da 20 da 50 na Yuro da Sifaniya ta buga shi ne a jiki, ta ce ga shi nan yana yawo a aljihun mutane daga Lisbon har Helsinki.

Inda na fi jin daɗi shi ne 'yan titunan nan biyu da suka yi musaya. Gidan Lope de Vega yana kan titin da aka sa wa sunan Cervantes, kabarin Cervantes kuma yana kan titin Lope de Vega, alhali mutanen nan biyu ba sa ga maciji lokacin suna raye. Lope ya zauna a gidan daga 1610 har ya mutu a 1635, shi ne tauraron zamanin, wasanni ɗaruruwa, kuɗi na shigowa, jama'a na sonsa. Cervantes kuwa talauci da bashi da gidan yari, ya so ya yi suna a wasan kwaikwayo Lope ya tare hanyar. Gidan da Cervantes ya mutu a ciki an rushe shi tun 1833, allo ne kawai a bango. A kwanar gaba kuma ga gidan da marubucin waƙoƙi Góngora ya yi haya, wanda Quevedo, shi ma marubuci kuma abokin gabarsa, ya saye aka fitar da shi. Duk waɗannan mutanen a 'yan layuka uku ko huɗu suka rayu, suna haɗuwa a hanya suna yi wa juna habaici a waƙa. Akwai wani ɗan labari da ta bayar da ya taɓa min zuciya, 'yar Lope mai suna Marcela ta shiga zuhudu a gidan sistocin Trinitarias, ba ta fita, to ranar jana'izar babanta sai aka karkato da gawar ta ƙofar gidan domin ta gani ta bayan ƙarfen taga.

A wannan gidan sistocin aka binne Cervantes ranar 23 ga Afrilu 1616, kwana ɗaya bayan rasuwarsa, kuma akwai dalili. Mutumin soja ne tun farko, ya yi yaƙin teku na Lepanto a 1571 da rundunar Daular Usmaniyya, aka harbe shi hannun hagu ya shanye. A 1575 yana hanyar komawa gida 'yan fashin teku suka kama jirginsu aka kai shi Aljiyas, shekara 5 yana tsare, sau huɗu yana gwada gudu ana kamo shi, sai a 1580 limaman ɗariƙar Trinitarios suka haɗa kuɗin fansa, zinare 500, aka sake shi. Shi ya sa ya nemi a binne shi a wajen 'yan ɗariƙar. A 2015 masu bincike suka tono ƙasusuwa a ƙarƙashin cocin da suka ce nasa na ciki, a cakuɗe da na wasu.

To a nan ne na fara lura da abin da nake son magana a kai. Shekara biyar a Aljiyas, a garin Musulmi, cikin Larabawa da Turkawa da Barbar da Yahudawa da Turawan da suka musulunta, jagorar ta wuce shi cikin jimla biyu, an kama shi, ya sha wuya, an fanso shi. Da muka isa titin Atocha lamba 87, inda maɗaba'ar Juan de la Cuesta take, wadda ta buga kashi na farko na Don Kihote a 1605, sai ta buɗe baki sosai ta dawo kan Turai. An fassara shi zuwa Turanci a 1612, Faransanci a 1614, Italiyanci a 1622. Henry Fielding ya rubuta a bangon wani littafinsa na 1742 cewa salon Cervantes ya bi. Flaubert ya taso da shi tun yana yaro, Dostoyevsky yana tunaninsa lokacin da yake ƙirƙirar wani basarake mai tsarkin zuciya a ɗaya daga cikin littattafansa. Ta ce a wannan ɗakin aka haifi ƙagaggen labari irin na Turai. Duk gaskiya ne, ba na ja. Haka ma da ta ce tun 1526 a Granada wani jakadan Venis, Navagero, ya ba Juan Boscán shawarar ya gwada ma'aunin waƙar Italiya da Sifaniyanci, shi da abokinsa Garcilaso suka gwada, waƙar ƙasar ta sauya gaba ɗaya. Da kuma ɗan littafin nan Lazarillo de Tormes na 1554, labarin yaro ɗan jagorar makaho mai neman abin kaiwa baki ta kowane hali, wanda har a Antwerp aka buga shi a shekarar, ya buɗe wa marubutan Jamus da Faransa da Ingila hanyar rubuta labarin talaka ɗan duniya. Na ƙaru ƙwarai.

Amma duk wanda ya karanta Don Kihote ko da babi goma na farko ne ya san cewa a babi na 9 mai ba da labarin ya ce ai ba shi ya rubuta ba. Ya ce yana cikin kasuwar Alcaná a Toledo sai ga yaro da tarin tsofaffin takardu zai sayar wa mai siliki, ya duba ya ga rubutun Larabci ne, ya nemo wani Morisko, wato jikan Musulmin da aka tilasta wa shiga Kiristanci, ya karanta masa, ashe tarihin Don Kihote ne wanda wani masanin tarihi Balarabe Cide Hamete Benengeli ya rubuta. Ya kai mutumin gidansa ya fassara masa cikin wata ɗaya da rabi, ladansa zabibi da alkama. Ƙirƙira ce ta Cervantes, kowa ya sani, kuma a wurin ma sai da ya soka wa Larabawa magana ya ce maƙaryata ne, ba wai ina cewa mutumin masoyinmu ba ne. Amma littafin da ake cewa shi ne uban adabin Turai, marubucinsa da kansa ya zaɓi ya ce daga Larabci aka fassaro shi, kuma ya riƙe wannan har shafin ƙarshe inda Cide Hamete ne ke rataye alƙalaminsa. A yawon awa biyu da wani abu ba a ambaci sunan nan ko sau ɗaya ba sai da na tambaya.

Kuma ba a ambaci Ricote ba. A kashi na biyu da ya fito a 1615, Sancho, yaron Don Kihote, yana kan jakinsa sai ya haɗu da wasu mabarata masu ziyarar ibada, ɗaya ya rungume shi, ashe maƙwabcinsa ne mai kanti a ƙauyensu, Morisko, wanda aka kora. Tsakanin 1609 da 1614 sarki Felipe na Uku ya kori Moriskawa wajen dubu 300 daga ƙasar, wato Cervantes yana rubutun ana korar. Ricote ya bi ta Faransa da Italiya har Jamus, ya dawo a ɓoye da shigar baƙi, ya zauna a gindin bishiya yana gaya wa Sancho cewa duk inda suka je kukan Sifaniya suke yi domin a nan aka haife su. A cikin maganar tasa har yabon hukuncin sarkin ya yi, masana na ta jayayya a kan ko Cervantes da gaske yake ko tsoron hukuma ne. Ni dai da na fara karanta wurin sai da na ajiye littafin na ɗan jima, duk wanda ya taɓa ganin mutumin da rikici ya raba da garinsu zai gane muryar nan. In ana maganar wane ne ɗan Turai kuma wa ya yanke hakan, ban ga shafin da ya fi wannan dacewa a karanta wa baƙi a tsakiyar Madrid ba.

Da na tambaye ta, a gaskiya ba ta yi fushi ba kuma ba ta yi kwana-kwana ba, fuskarta ma washewa ta yi. Ta ce ta san duk wannan, ta yi jarrabawa a kai, amma tsarin da kamfani ya ba su na Zamanin Zinare ne, wato zamanin su Cervantes da Lope, da tasirinsa a Turai, kuma yawancin masu zuwa abin da suke so su ji ke nan. Muna tafiya zuwa zango na gaba ta ɗan ja ni gefe ni da wani ɗan Maroko muka yi hira mai daɗi ta 'yan mintuna. Ta kawo maganar harja, 'yan gajerun baitocin nan da ake rufe wata irin waƙa mai suna muwasshaha da su a Andalus, da yaren mutanen gari amma da haruffan Larabci ko na Ibrananci, wanda Samuel Stern ya fito da su a 1948, suna cikin mafi tsufan waƙoƙin soyayya da aka samu a harsunan da suka fito daga Latin. Ta kawo Kalila wa Dimna da aka fassara daga Larabci zuwa Kastiliyanci, wato Sifaniyanci, wajen 1251 bisa umarnin Alfonso na Goma kafin ya hau sarauta. Ni kuma na kawo maganar littattafan da Moriskawa suka riƙa rubutawa da Sifaniyanci amma da baƙaƙen Larabci, irin yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami, ƙissoshin annabawa da fiƙihu da addu'o'i, suna ɓoyewa a cikin bango da ƙarƙashin daɓe, har a 1884 aka ci karo da tarinsu a wani tsohon gida a Almonacid de la Sierra a yankin Aragon. Duk wannan hirar a gefen hanya aka yi ta, sauran mutum ashirin da wani abu ba su ji ba. Abin ya yi min kamar a ba ka tarihin Kano a tsallake zuwan Wangarawa.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne su kansu 'yan Sifaniya sun daɗe suna wannan muhawarar da babbar murya, ba wani sirri ba ne. A ƙofar Ateneo, tsohon zauren masana da ke titin Prado, jagorar ta yi bayani mai kyau a kan 1898, shekarar da Amurka ta ci su da yaƙi suka rasa Kyuba da Puerto Rico da Filifin, marubuta suka zauna suna tambayar kansu me ya same mu. Ortega y Gasset ya ce a 1910 Sifaniya ce matsalar, Turai ce maganin. Unamuno kuma ya juya ya ce a'a, maimakon a mai da Sifaniya Turai gara a sa wa Turai ruhin Sifaniya, kuma Don Kihote ya ɗauka a matsayin tutarsa. Daga nan ta bi ta yaƙin basasa, kisan Lorca a kusa da Granada a watan Agusta 1936, Antonio Machado da ya tsallaka iyaka da tsohuwarsa ya mutu a Collioure ta Faransa a Fabrairun 1939, shekarun mulkin kama-karya na Franco har 1975, sannan shigar ƙasar cikin ƙungiyar Turai a 1986, ta rufe labarin a nan kamar an iso gida. Amma a tsakiyar wannan akwai Américo Castro, wanda a 1948 yana gudun hijira ya fitar da littafi ya ce ba za a fahimci Sifaniya ba sai an haɗa Kirista da Musulmi da Yahudu da zaman da suka yi tare na ƙarnoni, Sánchez-Albornoz ya mayar masa da martani mai zafi a 1956 ya ce asalin ƙasar ya riga zuwan Larabawa. Akwai Juan Goytisolo da ya ci kyautar Cervantes ta 2014, ya zauna a Marrakesh har ya mutu a 2017 aka binne shi a Larache. Shi kansa Lorca da muka fara da mutum-mutuminsa, cikin waƙoƙinsa na ƙarshe akwai diwani guda da ya raba shi gida biyu, gazal da ƙasida. Minti goma ya isa a faɗi wannan, kuma ba zai rage wa Sifaniya Turancinta da komai ba, ƙara wa labarin daɗi zai yi. Madrid ɗin ma da muke tsaye a kai sarkin Ƙurɗuba Muhammad na Ɗaya ne ya kafa ta a matsayin sansani a ƙarni na 9, ragowar ganuwar na nan kusa da cocin Almudena. Haka nan ba a ce uffan ba a kan masu rubutu da Katalanci ko Galisiyanci ko yaren Bask, ko sunan Rosalía de Castro mai rubuta waƙa da Galisiyanci ban ji ba, sai ka ɗauka harshe ɗaya ne a ƙasar.

Sauran ƙorafina na kamfani ne. Mun yi yawa, titunan kuma matsattsu ne, in mota ta zo sai kowa ya manne da bango. Na'urar kunnen da aka raba mana tawa tana ta ƙara tana ɗaukewa, dole na riƙa bin jagorar a kusa. A tallar da suka sa a shafinsu hoton cikin gidan Lope da kabarin Cervantes suka nuna, amma ba a shiga ko ɗaya, daga waje ake tsayawa a yi bayani, ya kamata su rubuta hakan ƙarara. Sannan an rufe yawon a wata tsohuwar mashaya aka kawo wa kowa kofin giya da yankan naman alade a kan burodi, wai yana cikin kuɗin, ba a tambayi kowa ba tun farko ko yana ci ko yana sha. Jagorar ce ta lura da mu ta je da kanta ta karɓo mana lemo da zaitun, Allah ya saka mata, amma ai layi ɗaya a fom ɗin rajista ya isa ya magance wannan.

Wanda zai je, ya kama wuri a gidan Lope de Vega da kansa tun kafin ranar, shiga kyauta ce amma sai da rajista domin rukuni rukuni ake shiga, akwai ɗan lambu a baya da rijiya da bishiyar lemo, wurin ya cancanci a gani. Ya zaɓi yawon safe in lokacin zafi ne, ya sa takalmi mai taushi, ya riƙe gorar ruwa. Ya karanta babi na 9 na kashi na farko da babi na 54 na kashi na biyu kafin ya je, ba su da tsawo, kuma ya yi tambaya da ƙarfi a gaban kowa kada ya bari sai an ja shi gefe. In an tashi abinci halal ba ya wuya, unguwar Lavapiés na nan ƙasa kaɗan, akwai gidajen abincin 'yan Senegal da 'yan Bangaladash da Marokawa. Daga nan in da sauran ƙarfi a ƙafa a taka zuwa Cuesta de Moyano kusa da tashar jirgin Atocha, rumfunan katako ne wajen 30 a jere a jikin katangar lambun tsirrai, tun 1925 ake sai da littattafai a wurin, ana samun tsofaffi na Yuro 2 ko 3 a kan teburan waje, kuma wasu masu rumfar suna da na Turanci da Faransanci in ka tambaya.